Mai Ɗaukar Batir

Ni ne mai ɗaukar batir.
In ka ga hoton nan na bayan kaset,
Cindo da malfa, jita a ƙirji,
to gwiwar hannun da aka yanke a gefe, tawa ce.

Da yatsa shida aka haife shi a hagu.
Wanzami ya wasa aska, Inna ta ce a bari,
wanda ya ƙirga bai yi kure ba.
Sai da ya shekara goma sha huɗu muka gane lissafin:
tsirkiya shida, yatsa shida.

Jitarsa ta fari galan ɗin man juye ce
da guntuwar taɓarya,
wayar kuwa ta birkin keken Baba, cikin dare ya kwance.
Washegari Baba ya shiga kasuwar Gujungu a guje,
bai tsaya ba sai cikin rumfar mai tukwane.
Tukunya tara. Gyaɗar damina biyu ta biya.

Wani direban katafila, lokacin aikin titin Jahun,
ya bar masa kaset ɗaya ba kwali,
Bature na kuka ta hanci kamar maraƙin da aka yaye.
Ko kalma ba mu ji ba.
Cindo ya ce, "Wannan ko shanunsa sun ɓace,
ko mata ta yi yaji, ko bashi ake bin sa."
Ya ari karin, ya zuba masa namu:
kuɗin taki,
ruwan da ya cinye shinkafa saura sati a yanke,
jan tsuntsu da ya sauka a gero kamar hayaƙi,
Hajjo da ta ce tana zuwa, tun bara waccan.

Masu kukuma suka ce wannan ba kiɗa ba ne,
karnuka ne ke faɗa cikin duro.
Ya murɗa lasifika har ƙarshe,
jita ta yi gurnani irin na injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa,
samari suka watse daga wurinsu suka dawo wurinmu.
Kilo ashirin ne batirin mota.
Na kai shi Miga, na kai shi Kafin Hausa,
na kai shi har wani otal a Kano
inda aka biya mu da shinkafa da rabin kaza.

Kaset uku ya yi.
Direbobin tirela suka tafi da muryarsa har bakin teku,
rediyo ta kira sunan garinmu sau biyu, ba a sanarwar rasuwa ba.
Dillalin ya ba shi babur ɗan hannu
ya ce sauran ciniki na tafe.
Yana tafe tare da Hajjo.

Daga nan sai kwamfuta ta iya waƙa.
Yaro ɗaya a ɗaki mai soso
ya zama makaɗi, ya zama 'yan amshi.
Aka ce muryar Cindo ta cika ƙasa-ƙasa,
a zo a wanke ta a na'ura.
Ya sa malfarsa. Muka hau motar albasa zuwa gida.

Yanzu injin ban-ruwa yake gyarawa a fadama.
Ba ya kwancewa sai ya saurara,
ya karkata kai, ya ce, "Wannan ya sauka daga karinsa."
Jiya wani yaro ya zo da waya a aljihu
tana rera waƙar jan tsuntsu, an ɗora mata sabon ganga.
Ya ce, "Baba, ka san mai wannan? An ce ya daɗe da rasuwa."
Cindo ya goge baƙin mai a yatsan nan na shida
ya ce, "Miƙo min sifana goma sha biyu."

Bayan isha yakan taɓa jitar a zaure, ba wuta,
a hankali, don kada jikoki su farka.
Ni kuwa tela har yau mita yake,
wai kafaɗata ta dama ta fi ta hagu sauka,
riga ba ta zama.
Nakan ce ya ɗinka ta a hakan.